Ba Kowane Katun Ne Na Yara Ba: Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwa Kan Fina-finan Zane Na Ƙasar Japan

Duk wanda ya saba cin kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya da Maigatari da Illela da Birnin Konni, ya san sana'ar masu turi. Matashi ne zai kafa tebur da kwamfuta kusa da masu cajin waya, mutum ya miƙa wayarsa ko memori a zuba masa karatu ko wa'azi ko waƙoƙi ko fina-finan Indiya masu fassara. Idan kasuwa ta kusa tashi kuwa, magidanci yakan tsaya ya ce a zuba wa yara katun, domin ya zama tsarabarsu idan ya koma gida. Shi mai turi ya zuba abin da ya samu, shi uba ya biya ya kama hanya, babu wanda ya buɗe ya ga abin da ke ciki a tsakaninsu, saboda kowa ya ɗauka cewa duk abin da aka zana wasan yara ne.

To, a nan gizo ke saƙar, domin kuwa kama da wane ba ta wane. A cikin waɗannan fina-finan zane akwai kaso mai yawa da ke fitowa daga ƙasar Japan, wanda ake kira anime, kuma wasu daga cikinsu tun asali ba don yara aka yi su ba. Akwai sare kawuna da kwararar jini da cin naman mutane da azabtarwa da fyaɗe, irin abin da ko babba sai ya kawar da kai.

Yadda abin ya samo asali

A Japan zane babbar sana'a ce da manya da yara duk suke hulɗa da ita. Yawancin labaran suna fara fitowa ne a mujallun zane da ake kira manga, idan labari ya karɓu sai a mayar da shi fim mai dogon zango. Wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan sana'a shi ne Osamu Tezuka, wanda shirinsa na Astro Boy ya fara fita a talabijin ɗin Japan a shekarar 1963. Yaran da suka tashi da wannan shiri sun girma ba su bar kallo ba, don haka masu sana'ar suka riƙa bin su da labaran da suka dace da shekarunsu.

Wannan ne ya sa Japanawa suka kasa mujallunsu kashi-kashi kamar yadda ɗan kasuwa ke kasa haja. Akwai shonen na samari masu tasowa, da shojo na 'yan mata, da seinen na manyan maza, da josei na manyan mata. Haka kuma akasarin shirye-shiryen da ke da zubar da jini tashoshin talabijin na can suna sanya su ne bayan tsakar dare, lokacin da yara suka yi barci. Har ma a jadawalinsu sukan rubuta ƙarfe ɗaya da rabi na dare da 25:30, domin a san ci gaban daren jiya ne. A gidajen silima kuma akwai hukumar Eirin mai tantance fina-finai, wadda ke da matakai huɗu: G na kowa da kowa, da PG12 wanda 'yan ƙasa da shekara 12 ke buƙatar jagorar iyaye, da R15+ da kuma R18+.

Ke nan a can inda aka yi abin, an kewaye shi da shinge. Matsalar ita ce idan fim ya biyo ta intanet, daga waya zuwa kwamfuta, daga kwamfuta zuwa memori, duk wannan shinge yana zubewa a hanya. Babu kwali, babu lambar shekaru, babu lokacin nunawa, sai suna kawai da baƙaƙen boko. Wani ƙarin abin lura shi ne, wuraren da tashoshin talabijin ke rufewa da baƙar inuwa saboda muninsu, ana buɗe su a faifan da ake sayarwa daga baya, kuma sau da yawa irin wannan kwafi marar rufi ne ke yawo.

Sunayen da ya kamata mai haja ya riƙe

Attack on Titan, wanda Hajime Isayama ya fara zanawa a 2009, an nuna shi daga 2013 zuwa 2023. Labarin mutane ne da suka fake a bayan ganuwa uku saboda wasu ƙattin halittu masu cin mutane. Tun a kashi na farko ake cinye mahaifiyar jarumin a kan idonsa. Abin mamaki shi ne a mujallar samari aka buga shi, wanda ke nuna cewa ko kalmar shonen ba ta isa ta kwantar wa uba da hankali ba.

Death Note, wanda aka nuna a 2006 zuwa 2007 cikin kashi 37, ba shi da jini da yawa, amma tunanin da ke cikinsa ya fi jinin nauyi. Wani ɗalibi mai ƙoƙari ne ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki sai ya mutu, ya fara da kashe masu laifi, daga bisani ya ɗauki kansa a matsayin mai ikon rayuwa da mutuwa, yana kawar da duk wanda ya tsaya masa a gaba.

Tokyo Ghoul na shekarar 2014 labarin wani ɗalibin jami'a ne da aka dasa wa sassan jikin wata halitta, ya wayi gari ba ya iya cin komai sai naman mutum. Shi kuwa Berserk, wanda marigayi Kentaro Miura ya fara a 1989 aka kuma yi fim ɗinsa a 1997, na manya ne zalla, akwai yaƙi da azabtarwa da keta mutuncin mata a fili.

Akwai kuma Demon Slayer da ya fara a 2019, wanda zanensa mai kyau da launi ke ruɗar iyaye. Da kisan iyalan jarumin aka buɗe labarin, kuma ana kashe dodannin da ke ciki ne ta hanyar sare musu kai. Fim ɗinsa na silima da ya fito a 2020 ya tara sama da yen biliyan 40 a Japan kaɗai. Hukumar Eirin ta ba shi PG12, amma da ya isa Amurka sai aka ba shi R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. Fim ɗaya, ƙasashe biyu, hukunci biyu. Wannan ya nuna kowace al'umma da ma'auninta take awo, don haka mu ma dole mu auna da namu mudun.

Wasu sun riga mu shiga wannan rami

Kuskuren ɗaukar kowane zane a matsayin na yara ba a kanmu aka fara ba. A shekarar 1988 tashar TF1 ta Faransa ta sanya Ken le Survivant a cikin shirin yara na Club Dorothée. A labarin, jarumin yana taɓa wasu wurare a jikin abokin gaba sai jikin ya tarwatse. Iyaye suka yi ca, aka riƙa yanke wurare, su kuma masu fassara suka riƙa juya maganganun zuwa barkwanci. A 1989 Ségolène Royal, wadda a lokacin 'yar majalisa ce kafin ta yi takarar shugabancin Faransa a 2007, ta wallafa littafi tana sukar irin abin da ake ciyar da yara da shi ta talabijin.

A ƙasar Sin, ma'aikatar al'adu ta fitar da jerin sunaye 38 a 2015 da ta hana yaɗawa, ciki har da Attack on Titan da Death Note da Tokyo Ghoul. A 2021 wata kotu a birnin St. Petersburg na Rasha ta hana nuna Death Note da Tokyo Ghoul a wasu shafukan intanet. Ko a Japan ɗin ma, majalisar birnin Tokyo ta tsaurara dokar sayar wa yara wasu littattafan zane a ƙarshen 2010, duk da adawar manyan kamfanonin ɗab'i.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Japan da ke yin waɗannan fina-finai tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin kisan kai a duniya, don haka ba za a ce duk wanda ya kalla zai zama ɗan ta'adda ba. Manya da yawa suna kallon su ne saboda zurfin labarin. Attack on Titan, alal misali, ya ƙare ne da nuna yadda ramuwar gayya ke cinye mai yi da wanda aka yi wa. Amma abin da ɗan shekara 25 zai ɗauka a matsayin darasi, ɗan shekara 7 ba zai ga komai a ciki ba sai kai yana gangarawa, ya kwana yana firgita, da safe ya ɗauki kara yana gwadawa a kan ƙanensa.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Mai turi da mai sayar da waya da memori su ne ƙofar ƙarshe kafin fim ya shiga gidan mutum, don haka amanar tana wuyansu. Abu na farko shi ne ya ware hajarsa a cikin kwamfuta: ta yara daban, ta manya daban, kamar yadda mai shagon magani ba ya haɗa maganin ɓera da na tari a kanta ɗaya. Na biyu, duk sabon fim da ya shigo hannunsa ya buɗe kashi na farko da na tsakiya da na ƙarshe ya leƙa, minti biyar ya isa. Na uku, idan ya ga 16+ ko 18+ ko TV-MA ko R15+ a jikin suna ko hoto, to ya san ba na yara ba ne. Na huɗu, ya tambayi mai saye shekarun waɗanda za su kalla. Tambaya ba ta rage riba. Idan kuma yaro ne ya zo da kuɗinsa yana neman irin waɗancan sunaye, to barin wannan ciniki ya fi yin sa, domin ranar da uba ya gano daga rumfar da abin ya fito, ba shi kaɗai za a rasa ba, har da duk wanda ya ba labari a cikin mota.

Su kuma fatake da ke kwana biyu ko mako a kan hanya suna barin waya a hannun iyali, ya kamata kafin a tafi a zauna da yara a kalli ko da kashi ɗaya tare, a kuma nuna wa uwargida sunayen da za ta kula da su. Wanda ya tarar ɗansa matashi ya riga ya yi nisa a kallo, ya fi kyau ya zauna ya tambaye shi labarin da abin da ya fahimta, maimakon duka da ƙwace waya, domin abin da aka hana da bulala a tsakar gida a ɗakin abokai ake ƙarasa shi.

Babu ɗan kasuwar da zai sayi buhun hatsi a kan iyaka bai soka ya ga ƙwayar ba. Abin da za a zuba a idon yaro ya fi cancantar a duba shi fiye da abin da za a zuba a buhu. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.