Ko Ka San Na'urar da Ke Zaɓar Shafin da Za Ka Fara Gani?

Ko ka san cewa idan ka rubuta "Madarounfa" a akwatin binciken Google, ba a wannan lokacin ne ake shiga duniya neman amsa ba? Amsar tana ajiye tun kafin ka tambaya. Akwai wata manhaja mai suna Googlebot, wadda masu sana'ar ke kira gizo-gizo. Ba ta barci. Dare da rana tana bin mahaɗai daga wannan shafi zuwa wancan, tana kwafe abin da ta tarar, tana kaiwa manyan rumbunan kwamfutocin kamfanin. Abin da ke fito maka a waya daga wannan ajiya yake. Shafin da gizo-gizon bai taɓa takawa ba kuwa, ko da zinariya aka rubuta shi, ba zai bayyana ba.

Tarawa ba ita ce wahalar ba, jerawa ce. Wa za a sa a sama, wa za a jefa shafi na goma inda ba mai leƙawa? Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban Jami'ar Stanford a Amurka da suka kafa Google a 1998, sun zo da dabarar da suka kira PageRank. Duk shafin da ya sa mahaɗi zuwa naka, ana ɗaukarsa ya kaɗa maka ƙuri'a. Sai dai ƙuri'un ba nauyinsu ɗaya ba. Mahaɗi guda daga shafin jami'a ko babbar jarida ya fi ɗari daga shafukan da ba wanda ya san da zamansu. Yau ma'aunan sun yi yawa ƙwarai, amma wannan tushe yana nan.

Sai kuma maganar sunan shafi. Kowane shafi yana zaune ne a kan wata kwamfuta mai lambar adireshi, kuma ba wanda zai iya haddace irin waɗannan lambobi. Shi ya sa a 1983 Paul Mockapetris ya tsara hanyar da suna zai tsaya a madadin lamba. Sunan farko mai ƙarewa da .com, wato symbolics.com, an yi masa rajista ranar 15 ga Maris 1985. Kowace ƙasa ma tana da nata haruffa biyu: Nijar .ne, Najeriya .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi. Hukumar ICANN, da aka kafa a 1998, ita ke sa ido a kan tsarin baki ɗaya.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Duk wanda ya san yadda ake sayen fili a bakin garin Maraɗi a kewaye shi, a zauna jiran gari ya iso, ya san wannan sana'a. Mutum ya yi wa suna rajista da kuɗin da galibi bai kai dalar Amurka 20 ba a shekara, ya ajiye, yana jiran ranar da mai buƙata zai zo ciniki. An sayar da business.com dala miliyan 7.5 a 1999, an sayar da voice.com dala miliyan 30 a 2019. Ɗan tsibirin Anguilla, da rabonsa ya faɗa a kan haruffan .ai, ya samu kusan dala miliyan 32 a 2023 saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira na rububin sunayen. Irin waɗannan labarai su ake yaɗawa. Waɗanda suka tara sunaye ɗari-ɗari suna biyan kuɗinsu shekara da shekaru ba wanda ya taya, su ba a jin labarinsu, kuma su suka fi yawa.

A da akwai hanyar sata. Ka sayi sunan da ya yi daidai da abin da mutane ke nema, ka cika shafin da tallace-tallace da kalma guda da aka maimaita sau hamsin, ka sayi mahaɗai na bogi, sai ka ga kanka a sama. Google ya bi ya toshe waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. A 2011 ya fito da gyaran Panda, wanda ya danne shafukan da ba komai a cikinsu. A 2012 Penguin ya biyo baya kan mahaɗan saye, kuma a watan Satumba na shekarar aka rage wa shafukan banza alfarmar da suke samu don sunansu kawai. A Maris 2024 kamfanin ya sa sayen tsohon suna mai daraja don a cika shi da tarkace cikin laifuffukan da yake hukuntawa. Saboda haka masu jari da suka san abin da suke yi suka koma gini. Suna mai shafi na gaske da maziyarta na kullum ya fi suna kango tsada, kuma yana kawo ɗan abin sawa a aljihu kafin mai saye ya zo.

To, me ake ginawa? A nan ne maganar ta shafe mu. Tafkin Madarounfa, da dajinsa, da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Ga masunta, ga masu zuwa ziyara, ga zogalen lambunan Jiratawa, ga jar akuyar Maraɗi, ga hada-hadar hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Amma akasarin abin da aka rubuta a kan waɗannan duka da Faransanci yake ko Turanci, kuma baƙi ne suka rubuta da yawansa. Abin yana ci mini rai. Matashin da ya tashi a bakin tafkin nan ya fi kowa sanin watan da ruwa ke cika, da kifin da ake kamawa, da tashar da ake shiga mota daga Maraɗi, da kuɗin motar. Wannan shi ne ainihin abin da na'urar ke nema ta ba mai tambaya, kuma da Hausa kusan ba shi da abokin takara.

Aikin gyara shafi don ya hau sama a bincike, wanda ake kira SEO, idan an cire kurarin masu tallarsa, ƙananan abubuwa ne. Kan shafi ya faɗi abin da ke ciki ƙarara: "Farashin zogale a Jiratawa" ya fi "Barka da zuwa". Hoton da aka ɗauka da waya a rage masa nauyi kafin a ɗora, domin sigar waya Google ke fara dubawa, kuma mai karatu a ƙauye da sandar sabis ɗaya ba zai tsaya jiran hoto mai megabait 5 ba. A rubuta bayanin hoton da kalmomi. A tuna cewa wani zai rubuta Madarounfa, wani Madarumfa, wani kuma wayarsa ba ta da ƙ da ɗ, don haka rubutun ya ɗauke su ba tare da cushe ba. Sannan a nemi mahaɗi na halal daga gidan rediyo, ko ƙungiyar manoma, ko malamin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya amfana da bayanin. Wata da watanni abin ke ɗauka. Duk wanda ya ce ka biya shi ya kai ka sahun farko cikin mako guda, ka riƙe kuɗinka.

Kada kuma a yi wa sunan kamfanin wani rajista da niyyar a sayar masa. Tun 1999 akwai ƙa'idar sasanta rikici da ke ba mai tambarin kasuwanci damar ƙwace irin wannan suna.

Suna haya ne, ba mallaka ba. Ana biya shekara-shekara, iyakar abin da za a biya gaba ɗaya a .com shekara 10 ne, kuma akwai masu manhajojin da aikinsu kawai dakon sunan da aka saki su cafke. Ko Google bai tsira daga tangarɗa ba: a Satumba 2015 wani tsohon ma'aikacinsa, Sanmay Ved, ya sayi google.com da dala 12, ya riƙe shi na kusan minti ɗaya kafin a soke cinikin. Don haka ɗan'uwa, idan za ka buɗe shafi don shagonka, makarantarku ko ƙungiyarku, ka tabbata rajistar da sunanka da imel ɗinka aka yi ta, ba da na wanda ya gina maka shafin ba, kuma ka rubuta ranar sabuntawa a inda ba za ka manta ba.