Kyamara Mai Tsada: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani Tun Bai Ba Da Kuɗinsa Ba

Duk wanda ya bi titin Zariya ta wajen Gyaɗi-Gyaɗi ran Asabar ko Lahadi da hantsi, ko ya ratsa cikin Tarauni, da wuya ya kai inda za shi bai ci karo da ɗaurin aure ba. Da wuya kuma ya ga ɗaurin auren da babu samari biyu ko uku rataye da kyamarori a wuya, suna kutsawa cikin taro suna neman fuskar ango. Can kuma titin gidan Zoo ga ofisoshin masu shirya wasan kwaikwayo na Hausa, waɗanda kyamara ita ce garmarsu. Ganin haka ya sa akawuna da malaman makaranta da yawa, waɗanda albashi ba ya kai su ƙarshen wata, su ke tunanin su ma su nemi kyamara, ko don su riƙa taɓa sana'ar ranakun hutu, ko don su saya wa ɗansu da ya gama makaranta bai sami aiki ba. Har akwai masu niyyar zuba kuɗin sallamarsu na barin aiki dungum a ciki.

To, niyyar ba ta da laifi, sai dai kyamara irin ta ƙwararru ba rigar kanti ba ce da in ba ta yi wa mutum daidai ba ya ba ƙanensa. Kuɗinta kuɗin fili ne. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda abin ya ke, domin mai saye ya shiga kasuwa da idonsa buɗe.

MANYAN SUNAYE DA ASALINSU

Ƙaramar kyamara wadda a ke ratayawa a wuya asalinta Jamus. Wani ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar, mai suna Oskar Barnack, shi ya ƙago ta, aka fara sayar da ita da sunan Leica cikin 1925. Girman hoton da ya zaɓa a jikin fim, watau milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, har yau shi ne ma'aunin da manyan kyamarori su ke bi, ko da ya ke sun bar fim. Cikin 1929 aka fito da Rolleiflex, mai ido biyu, wadda mai hoto kan riƙe a ƙirji ya leƙa ta sama. Dattawa za su tuna da ita. A ƙasar Suwidin kuwa Victor Hasselblad ya fito da tasa cikin 1948, wata kyamarar kamfaninsa ce kuma 'yan sama jannatin Amurka suka tafi da ita duniyar wata cikin 1969. Sa'an nan mutanen Japan suka shigo da ƙarfinsu. Tun da aka fito da Nikon F cikin 1959, sannu a hankali kasuwar ƙwararru ta koma hannunsu, har ya zamana galibin abin da a ke gani a wuyan masu hoto Canon ce, ko Nikon, ko Sony.

Sauyi biyu suka faru bayan wannan. Na fari, barin fim. Wani injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar farko marar fim cikin 1975. Maimakon fim sai aka sa wani ɗan faranti mai ɗaukar haske, a na ce da shi sensa. Na biyu, cire madubin da ke cikin kyamara. Sony ta fito da A7 marar madubi cikin 2013, Canon da Nikon suka bi sahu cikin 2018. Mai saye ya riƙe wannan da kyau, gama sababbin idanun da kamfanonin nan su ke ƙerawa kusan duk na marar madubi ne, masu madubi kuwa farashinsu na gwanjo sai sauka ya ke yi. Wannan hasara ce ga wanda ya saya da tsada, riba ce kuma ga mai ƙaramin ƙarfi.

KUƊINSU

Ga farashin da aka sa wa waɗansu daga cikinsu lokacin da suka fito, jiki kaɗai ba ido. Canon EOS R5 ta 2020, kusan dala 3,900. Nikon Z9 ta 2021, kusan dala 5,500. Sony A1 ta 2021, kusan dala 6,500. Hasselblad X2D ta 2022, dala 8,000 da ɗoriya. Leica M11 ta 2022, kusan dala 9,000.

Mai karatu ya ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni 2023, dala ta yi ta hawa, har cikin 2024 ta haura naira 1,500. A wannan farashi Leica M11 ta tashi naira miliyan 13 da rabi. Cikin watan Yuli na shekarar aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Watau ke nan mai wannan albashi, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya shekara 16 kafin ya tara kuɗin jikin kyamarar kurum. Canon R5 kuwa shekara 7 babu kaɗan.

Amma tsada ba ita ce dacewa ba. Leica M11, duk da kuɗinta, ba ta saita kanta, sai mai ita ya murɗa ido da hannu har hoto ya fito sarai, kuma ba ta ɗaukar hoto mai motsi ko kaɗan. Wanda ya shiga taron biki da ita, in ba gwani ba ne, kafin ya gama murɗawa amarya ta wuce. Hasselblad X2D ita ma ba ta ɗaukar hoto mai motsi. An yi ta don aikin natsuwa cikin ɗakin hoto, kamar tallan atamfa da gwala-gwalai. Sensarta ta fi ta sauran girma, milimita 44 da 33, tana kuwa fid da zaren yadi ɗaya ɗaya. Waɗansu ma ba don ɗaukar hoto su ke sayen Leica ba, don ajiya ne. Cikin 2022 an yi gwanjon wata tsohuwa wadda Barnack da kansa ya yi aiki da ita, aka saye ta kuɗin Turai yuro miliyan 14 da dubu 400. Wannan ciniki na attajirai ne, bai shafi mai neman abinci ba.

Kada kuma yawan megafiksil ya ruɗi mai saye. Hoto an gina shi da ɗigo-ɗigo ne, megafiksil ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ke nan. Kyamara mai 24 tana ba da hoton da za a wanke inci 20 da 13 ya fito tas, ya kuwa ishi bangon kowane zaure. Mai 45 ko 60 ko 100 amfaninta ga mai buga babban allo ne, ko mai son yanko ɗan yanki daga cikin hoto ya faɗaɗa. Bayan haka tana cika kati da sauri, tana kuma neman kwamfuta mai ƙarfi.

IDO YA FI JIKI

Masu sana'ar sun haɗu a kan magana ɗaya, watau idon kyamara, wanda su ke kira lens, ya fi jikinta muhimmanci. Mutanen Kano sun san doki kan tsufa, amma sirdi da likkafa masu kyau a kan gada. Haka abin ya ke a nan. Jiki bayan 'yan shekaru an fito da wanda ya fi shi, farashinsa ya faɗi. Ido mai kyau kuwa ya kan shekara 20 yana aiki. Idon Leica da aka ƙera cikin 1954 yana hawa kan M11 ta 2022.

Lambobi biyu a ke rubutawa a jikin ido. Ta fari milimita. Ƙaramar lamba, kamar 24 ko 35, tana kwaso wuri mai faɗi, ita a ke so a ɗaki mai ƙunci ko hoton dangi gaba ɗaya. Lamba 50 ta yi kusa da yadda idon mutum ya ke gani. Lamba 85 ita ce ta hoton fuska, gama ba ta kumbura hanci, kuma tana dusashe abin da ke baya. Daga 200 zuwa sama na jawo abin da ke nesa ne. Wanda ya ke son ɗaukar hawan salla, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya cikin Disamba 2024, lalle ya nemi mai 70 zuwa 200, don ya tsaya nesa da kofaton dawaki ya sami fuskar mahayi.

Lamba ta biyu ita ce wadda a ke sa wa harafin f, tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga. A nan abin juye ya ke: ƙanƙantar lamba, yawan haske. Ido mai f/2.8 yana shigar da ninki biyu na hasken mai f/4, mai f/1.4 kuwa ninki huɗu na mai f/2.8. Wannan shi ne abin da a ke biya da tsada, shi ne kuma ke raba hoton kamu da aka ɗauka bayan magariba ya fito da kyau da wanda ya fito dishi-dishi. Ido mai 24 zuwa 70 f/2.8 na manyan kamfanoni ya kan haura dala 2,000. Na Leica mai suna Noctilux, f/0.95, ya haura dala 10,000. Amma ga abin mamaki: ɗan ƙaramin ido mai 50 f/1.8 na Canon bai kai dala 250 ba, kuma mai hannu ya kan fid da aikin da ba za a raina ba da shi.

Sai a lura, kowane kamfani da irin bakinsa. Idon Canon ba ya hawa Nikon haka kawai, ko a gida ɗaya ma bakin tsofaffi masu madubi dabam da na sababbi, sai da mahaɗi. Saboda haka wanda ya zaɓi kamfani ya zaɓi gidan da zai zauna ne. Hikima ita ce ya dubi abin da masu hoton unguwarsa suka fi riƙewa, don ya sami wurin aron ido da batir ran da ya matsu, ya kuma sami mai saye ran da zai sayar.

ƘURA, RAƁA DA ZAFI

Kyamarorin nan ba a Kano aka ƙera su ba. Da hunturu ƙura kan shiga ko'ina, in kuwa mutum ya cire ido a fili ta sauka kan sensa, sai kowane hoto ya fito da tabo wuri ɗaya. Marar madubi ta fi saurin kamuwa, don sensarta a buɗe ta ke. Maganin abin a sauya ido cikin ɗaki ko cikin mota, a kifa bakin kyamara ƙasa, kada kuma a goge gilashi da bakin riga, gama ƙurar hunturu tana kartar sa. Da damina kuma, musamman cikin Agusta, laima kan sa fumfuna ta tsiro cikin ido, ta yi kamar saƙar gizo, in ta daɗe ta ci fuskar gilashin. A ajiye kayan cikin akwati mai rufuwa ruf tare da ƙunshin garin nan mai shan laima. Da bazara kuwa, sa'ad da zafi ke kai awo 40, waɗansu kan ɗauke da kansu in an daɗe a na ɗaukar hoto mai motsi. Mai niyyar aikin fim ya tambayi wannan tun da wuri.

RANAR CINIKI

Yawancin masu saye a nan gwanjo su ke saye, wanda aka kawo daga Ikko, ko Dubai, ko Turai. Ba aibu, muddin ba a yi cinikin biri a sama ba. Mai saye ya tafi da wanda ya san aikin, ya tafi da katinsa, su gwada nan take. Su tambayi adadin hotunan da ta ɗauka, gama marufin da ke buɗewa da rufewa a ciki yana da iyaka. A manyan kyamarori masu ƙera su kan ƙiyasta masa daga 150,000 zuwa 500,000. Su ɗauki farin bango da ƙofa a tsuke su duba tabo. Su haska fitila cikin ido su duba fumfuna da karce. Su murɗa shi su ji ko yana ƙara. Lambar da ke jikin kyamara ta dace da ta kwali da ta rasit, don kada gobe a zo a ce kayan sata ne. In sabuwa ce, a tambaya ko garantinta yana aiki a Nijeriya, da kuma inda za a kai ta in ta lalace. Wadda aka yi wa farashin da ya faye sauƙi, a bar ta.

Mai ɗaukar biki ya nemi wadda ke cin kati biyu, ta rubuta hoto a kan duka biyun. Kati kan mutu, akwai kuma na jabu da yawa a kasuwanni. Aure kuwa ba a sake ɗaura shi don mai hoto ya rasa hotunansa, kuma labarin irin wannan kan gama unguwa kafin a watse.

A ƙarshe kada a kashe kuɗin duka a kan jiki. Akwai batir biyu ko uku saboda halin wutar lantarki, da fitila, da ƙafa uku, da jaka, da kwamfutar gyara, da wurin ajiyar hotuna. Wanda ya ke son hoton 'ya'yansa ne kurum da na salla, wayar kirki daga kasuwar Farm Centre ta ishe shi. Wanda ya ke nufin sana'a, shawararmu ita ce ya fara bin wani mai hoto wata uku ko huɗu yana riƙe masa fitila, ya yi hayar kyamara ya gwada hannunsa, ya ƙirga abin da a ke biya a biki ɗaya da yawan bukukuwan da zai samu a wata. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda hotunansa na kitson matan Nijeriya suka shiga manyan gidajen tarihi na duniya, da 'yar Brownie mai araha ya fara cikin 1950. In lissafi ya fita, a sayi jiki matsakaici mai megafiksil 24 da kati biyu, a sa ragowar kuɗin a ido ɗaya nagari. Babbar kuwa a bari sai ribar ƙaramar ta kai ta saye ta.