Wai Turawa Sun Yi Bincike: Labarin Littattafan Zane da Likita Wertham

Na gaji da jin maganar nan: "Ai Turawa ma sun yi bincike, sun gano littattafan zane ne ke lalata yara." Kowa ya ɗauka ya yaɗa, ba mai tambayar wane bincike, kuma wa ya yi shi. To, binciken yana nan, sai dai ba abin tinƙaho ba ne.

Littattafan da ake nufi su ne masu ba da labari cikin zane, irin na Superman da Batman. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da wuya ka sami yaro a Amurka da ba ya karanta su. Iyaye suka tsorata, har a 1948 aka tara su aka cinna musu wuta a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton.

A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Jamus, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent. Hujjarsa ita ce kangararrun yaran da ake kawo masa duk suna karanta su. Haba likita! In ka shiga gidan kangararru ka tarar kowa na shan koko da safe, kokon ne ya kai su can? Miliyoyin yaran da suka karanta ba su taɓa satar ko allura ba, bai sa su a lissafi ba. Abin bai ma tsaya nan ba. Carol Tilley ta Jami'ar Illinois ta bi takardunsa da ke ajiye a ɗakin karatu na Majalisar Amurka, a 2012 ta bayyana abin da ta gani: ya sauya shekarun wasu yara, ya haɗa maganganun yara daban-daban ya jingina wa mutum ɗaya, ya kuma ɓoye halin da gidajensu ke ciki. Talauci, duka da mutuwar aure, ba wanda ya tuhume su.

Gaskiya wasu littattafan sun wuce gona da iri. A zaman kwamitin Majalisar Dattawa na Afrilun 1954, Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon wani littafi mai hoton mutum riƙe da gatari da yankakken kan mace, ya tambayi mawallafin, William Gaines, ko wannan ya dace. Gaines ya kare hoton, ya kuwa jawo wa kansa.

Bayan wannan zama, kamfanoni suka kafa hukumar tace kansu, Comics Code Authority. A lokacin, wanda ba shi da hatiminta, galibi dillalai ba sa ɗaukar kayansa. A dokarta, ba a nuna alƙali ko ɗan sanda da raini, dole mugu ya faɗi a ƙarshe. Dubi inda almakashin ya kai: shugaban hukumar ya nemi a sauya wani labari don kawai ɗan sama jannatin da ke ciki baƙar fata ne. A 1971 gwamnati ta roƙi marubuci Stan Lee ya yi labarin Spider-Man na gargaɗi kan miyagun ƙwayoyi, hukumar ta hana hatimi saboda an ambaci ƙwaya. Ya buga haka nan, aka saya. A 2011 hukumar ta mutu murus.

Mu ma mun ga irin wutar nan a Kano a 2007, lokacin da aka ƙona littattafan soyayya.

Iyaye, don Allah ku buɗe littafin kafin ku yanke hukunci. Minti goma ya isa ka gama na zane ɗaya. Ka zaunar da yaron ka ce ya ba ka labarin, ka ji wa ya burge shi a ciki, kuma don me. Wanda ya fi ƙarfin shekarunsa ka ɗauke, ka faɗa masa dalili, ka kawo masa wani a madadinsa, kada ka bar hannunsa wayam ya koma waya. Na ɗan shekara bakwai daban, na ɗan sha biyar daban. In kuma ka ga yaro ya daina cin abinci, ko yana guje wa makaranta, bincika abokansa da ajinsu da abin da ke faruwa a tsakar gidanka tukuna.