Me Ke Sa Jita Kuka Ba Wanda Ya Taɓa Ta?

 Ga taƙaitaccen bayanin da muka yi a filinmu na sana'a da kayan aiki, don wanda bai samu saurare ba, da wanda ya saurara yake son ya ajiye shi a rubuce.

Wataƙila kai ne ka sayar da akuya ka sayi jita, ka rataye ta a bukka, can tsakar dare ka ji "ƙas!" daga cikinta, ba wanda ya je kusa. Gari na wayewa tsohuwa ta ce a fitar da abin nan, akwai iska a ciki. Ko kuwa kai ne ɗan kasuwar da ya ɗauko jitoci daga Kwatano ko Legas lafiya lau, ka kai su Maraɗi ko Damagaram, bayan mako biyu mai saye ya dawo yana cewa ka sayar masa da mai ciwo, a ba shi kuɗinsa. To, ruwa ba ya tsami banza. Tsohuwa ta yi gaskiya da ta ce iska ce, sai dai iskar hunturu ce.

Jita ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Matasan Abzinawa sun mai da ita tasu, har irin su Bombino na Agadas suka zagaya duniya da ita. Mdou Moctar ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Amma yawancin waɗanda ke kasuwanninmu an ƙera su ne a Sin ko Indunusiya, suka zo ta teku, kuma ba don yanayinmu aka yi su ba.

Itace yana shan ruwa, ƙarfe ba ya sha

Ka san yadda ƙofar katako ke kumbura da damina ta ƙi rufuwa, da rani kuma ta saki. Ka san yadda akushi ke tsagewa in an bar shi a rana. Jita ma itace ce, kuma fuskarta siririn allo ne da bai kai kaurin milimita 3 ba. Masu ƙera ta suna son ta zauna inda laimar iska take kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A bakin teku laimar takan kai kashi 80. A wajenmu da hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20. Ka ga ke nan jitar da ta taso daga Kwatano a ƙoshe take da ruwa, tana haurowa arewa sai ta shiga bushewa tana tsukewa.

A lokaci guda kuma tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan ta da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70. Wannan ya fi buhun siminti nauyi, kuma dare da rana ne, ba hutu. Itace na tsukewa, tsirkiya na ja, sai wani wuri ya riƙe, ya riƙe, sannan ya zame gaba ɗaya. Zamewar nan ita ce ƙarar da ka ji. Cikin jita kuwa akwati ne da aka yi shi don ƙara sauti, shi ya sa ɗan motsi kaɗan ke fita da ƙarfi. Abin da ya sa ya fi yawa da dare, ai ka san kwanon rufi: rana ta gasa shi, sanyin dare ya sauko, sai ka ji yana ƙas-ƙas shi kaɗai.

Sandar ƙarfen da ke cikin wuya

Da itace kaɗai aka bar wuyan jita, da jan tsirkiya ya lanƙwasa shi kamar baka. Don haka ake binne wata siririyar sandar ƙarfe a cikinsa, tun daga kai har inda ya haɗu da jiki. Ba ka ganin ta, sai notin da ke bakinta, wanda za ka samu ko dai a ƙarƙashin ɗan murfin da ke kan jitar, ko ta cikin ramin fuska. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson a Amurka, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar irin wadda ake iya ɗaurewa da sassautawa a 1921, aka ba shi a 1923. Kamfanin Martin kuwa ya daɗe yana sa ƙarfen da ba a murɗawa, sai a 1985 ya koma mai noti.

Iri biyu za ka fi gamuwa da su. Ta farko sanda ɗaya ce, an kafe ta a gefe guda, an kwantar da ita a ɗan lanƙwashe. In ka ɗaure notin sai ta nemi miƙewa, ta ja wuyan baya. Hanya ɗaya take aiki. Ta biyu ƙarfe biyu ne a haɗe, tana iya tura wuyan baya, tana iya tura shi gaba. Ita wannan tana da wani wuri a tsakiya inda ba ta ja ba ta turawa, kuma in ta tsaya a nan sai ta yi sako-sako a cikin raminta, ka ji tana karkarwa duk sanda ka bugi wata tsirkiya. Mai sanda ɗaya ma takan yi haka in itacen ya tsuke notin ya saki.

Ga inda asarar take. Da yawa da sun ji ƙara sai su ari alanki wurin bakanike su hau murɗa notin nan. Garin gyaran gira a rasa ido. In sandar ta karye, yawanci sai an ɓamɓare allon wuyan dungum kafin a kai gare ta, kuma kuɗin aikin yakan fi kuɗin jitar mai araha. Sau da yawa ma ba ita ce mai laifin ba.

Yadda za ka gano mai kukan

Ka samu wuri shiru, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, in ƙarar tana zuwa ne lokacin da kake murɗa kunnen jita kana saita murya, to tsirkiya ce ke maƙalewa a tsagar ɗan farin ƙashin nan da ke ƙarshen wuya. Sassauta ta, ka goga bakin fensir a cikin tsagar, ka mayar. Shi ke nan.

Na biyu, duba 'yan turakun da ke riƙe gindin tsirkiya a kan jaki. In ƙullin tsirkiyar bai zauna daidai ba, yakan zame da ƙara, wani lokaci har turken ya ɗago. Sassauta, ka cire, ka sake zaunar da shi.

Na uku, taɓa notocin kunnuwa da 'yan kusoshinsu. Itace in ya bushe sukan saki. Ɗaurewa kaɗan ta isa.

Na huɗu, ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin su yi shiru, ka ƙwanƙwasa bayan wuyan da gaɓar yatsa. In ka ji ƙarfe na amsawa daga ciki, to wannan karon sandar ce.

Na biyar, ƙwanƙwasa fuskar jitar a hankali wuri-wuri. A ƙarƙashinta akwai 'yan itatuwa da aka manna kamar haƙarƙari. In ɗaya ya saki, wurin zai yi ƙara irin ta fasasshiyar ƙwarya. Sannan ka gwada tura 'yar takarda ƙarƙashin jaki ta baya. In ta shige, jakin ya fara ɗagowa. Waɗannan biyun su ne masu haɗari. Sassauta tsirkiyoyin nan take ka kai wa mai gyara, kuma kada ka ɗura mata gam ɗin nan mai kamawa nan da nan, don yana ɓata wa mai gyara aiki.

In dole sai an taɓa sandar

Ka fara aunawa. Danne babbar tsirkiya a layin ƙarfe na 1 da na 14 lokaci guda, ka duba tsakaninta da layi na 7. Ya kamata a ga ɗan sarari kamar kaurin katin waya na takarda. In sararin ya yi yawa, a ɗaure zuwa dama. In babu shi sam, a sassauta zuwa hagu. Alankin ya zama daidai bakin notin, yawanci mai lamba 4 ko 5. Kada ka wuce rubu'in juyi a zama ɗaya, ka bar ta ta kwana, ka sake aunawa. In don karkarwa ce kawai, ɗan motsi kaɗan har ka ji notin ya kama ya wadatar. In kuwa ya ƙi motsi, ka tsaya. Tsatsa ce ko ya kai ƙarshe, ƙarfi ba zai ba ka komai ba sai karaya.

Rigakafi

Kai makiyayi, kada ka gasa jita a bakin wuta yadda ake yi wa fatar ganga ko garaya in ta yi sanyi. Fata takan ɗaure da zafi, jita kuwa tsagewa take yi. Ka ajiye ta a jakarta, ko ka naɗe ta da bargo a inuwa. Da hunturu ka jiƙa ɗan soso, ka matse shi sosai, ka sa a gwangwanin sabulu mai huji, ka ajiye a cikin jakar yadda ruwa ba zai taɓa itacen ba. In ka ji bakin layukan ƙarfe sun fara kartar hannunka a gefen wuya, alama ce ta bushe da yawa.

Kai kuma ɗan kasuwa, ka sassauta tsirkiyoyi kafin lodi. Kada a ɗora kwalayen a saman kaya rana na dukansu, kada kuma a bar su cikin rufaffiyar mota, don zafin ciki yakan wuce digiri 60, gam kuwa laushi yake yi. In kaya sun iso, ka bar su cikin kwalinsu kwana biyu ko uku kafin ka baje. Tun wurin sari ka leƙa ka tabbatar akwai notin sandar. Jitar da aka yi don tsirkiyar roba yawanci ba ta da sanda, jan da aka yi ta dominsa bai wuce wajen kilo 40 ba. In mai saye ya ɗaura mata ta ƙarfe, wuyan zai lanƙwashe ko jakin ya tashi, kuma kai zai zo wa da rigima. Ka gaya masa tun kafin ya biya, ka nuna masa gwajin fensir da na takarda. Wanda ka yi wa wannan bayani, gobe shi zai kawo maka abokinsa.

Mai tambaya a kan wannan ko wani kayan sana'a ya aiko mana yadda aka saba. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dabbobi, ya kai mu damina lafiya.