Ambaliyar Mubi: Tsakanin Jita-jitar Lagdo Da Takardar Fuloti

Da zarar damina ta kankama, watan Agusta ya tsaya, sai wata jita-jita da ta saba zagayowa kowace shekara ta sake shigowa garin Mubi, ta bi tashar mota da kasuwar shanu da majalisun bayan la'asar, ta kuma kutsa cikin wayoyin mutane, wai mutanen Kamaru za su buɗe madatsar ruwa ta Lagdo, saboda haka duk wanda ke kusa da kogi ya yi ta kansa. Idan kuwa Allah ya ƙaddara ruwa ya shiga gidaje a cikin wannan mako, to, an sami wanda za a ɗora wa alhaki, kowa ya ce ai daga ƙetare aka sako mana, a jajanta wa juna, a shanya katifu, a jira baɗi.

Wannan magana ba ta da tushe ta fuskar ilmin ƙasa, kuma ya kamata a faɗe ta a fili. Madatsar Lagdo, wadda aka gama ginawa a 1982 a kudu da Garwa, a kan kogin Binuwai take, kuma ruwan da ake saki daga cikinta Yola yake nufa, ya wuce Numan da Makurɗi har ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Shi ya sa mutanen waɗancan garuruwa suke da hujjar fargaba, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Amma kogin da ya ratsa Mubi, wato Yedzaram, daga duwatsun Mandara yake gangarowa, ya juya wa Binuwai baya, ya miƙa arewa zuwa ƙasar Barno da kwarin Tafkin Chadi, ga shi kuma Mubi ta ɗara Yola tudu da ɗaruruwan mitoci. Ruwan da ke cin katangunmu namu ne, wanda ya sauka a kan duwatsun da muke hange daga ƙofar gida, ya kwararo cikin sa'o'i kaɗan da ƙarfin gangara, ɗauke da yashi da tsakuwa.

To, tun da duwatsun nan ba jiya aka kafa su ba, damina kuma tun kaka da kakanni take zuwa, wajibi ne mai hankali ya tambayi abin da ya sauya. Garin ne ya sauya. Mubi, wadda ta zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta shigo da Arewacin Kamaru cikin Nijeriya, ta yi ta bunƙasa da sababi bayan sababi: kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1979, jami'ar jiha a 2002, kasuwar shanu da fataucin kan iyaka, sa'an nan fitinar da ta kai ga mamaye garin a ƙarshen Oktoba na 2014, wadda a bayanta dubban mutane daga Madagali da Michika da Gwoza suka sami mafaka a nan, da yawa daga cikinsu kuma suka zauna ke nan. Kowane mai iyali yana buƙatar inda zai sa haƙarƙarinsa, wannan kuwa haƙƙi ne da ba mai musunsa. Sai dai fili mai tudu ya yi tsada, abin da ya rage ga talaka shi ne fadama da gaɓar kogi da bakin kwazazzabo, aka yanka su fuloti-fuloti, aka rufe ƙasar da ke shan ruwa da kwano da siminti, ƙananan rafuffukan da ke kai ruwan unguwa kogi kuma aka cike su da shara, wasu aka aza musu tushen gini.

Mutumin Mubi, wanda ya tashi yana ganin garke na shiga gari da fita, ba ya buƙatar dogon bayani a kan burtali. Ya san cewa idan manomi ya yi kwaɗayin ƙarin kunya biyu ya shuka a cikin burtali, shanu ba za su fasa wucewa ba, kuma ba gonarsa kaɗai za su taka ba, domin da hanya ta ƙuntata sai garken ya fantsama cikin gonakin maƙwabta waɗanda ba su ci ko taki ɗaya na hanyar ba. Haka kogi yake. Yana da hanyarsa ta kullum, wadda ake gani da rani yashi ne kwance, yana kuma da makwantarsa, wato shimfiɗar da ke gefensa, wadda zai iya shekara biyar ko goma bai taka ta ba, har mutane su ɗauka ya yafe ta, alhali ranar da garkensa ya cika nan zai nufa. Wanda ya yi gini a makwantar, ya kuma ja katangar bulo don ya kare kansa, bai rage ko guga ɗaya na ruwan ba; tura shi ya yi gaba da ƙarin gudu, ya ci gaɓar da ke ƙetare, ya shiga ɗakin wanda ke ƙasa da shi.

A nan ne ake zuwa ga kalmar da ta fi damuna, wadda ake ji duk lokacin da aka yi wa mai irin wannan gini magana: ai da kuɗina na saya, ga takardata, jauro mai unguwa ya sa hannu, shaidu sun sa. Mai faɗin haka galibi ba maƙaryaci ba ne, da gaske ya biya, wataƙila da kuɗin da ya shekara goma yana tarawa. Amma takardar da ke hannunsa shaida ce kawai a kan cewa kuɗi sun fita daga hannu sun shiga wani hannu, ba ta tabbatar da cewa mai sayarwa yana da ikon sayarwa ba, balle ta halatta gini a wurin.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka kuma ɗaure ta a jikin tsarin mulki ta yadda ba ta gyaruwa da sauƙi, ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun Gwamna bisa amana domin amfanin jama'a, abin da ba baƙo ba ne a Arewa, tun da dokar ƙasa ta 1962 da waɗanda suka gabace ta tun 1910 a kan wannan tafarki suke. Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Wadda Gwamna ya ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashin ikonsa kai tsaye, shi ke ba da haƙƙin zama a cikinta, kuma ba a sayar da wannan haƙƙi ko a jinginar da shi sai da yardarsa, sharaɗin da Kotun Ƙoli ta ƙarfafa a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Wadda ba birni ba kuwa tana hannun ƙaramar hukuma, ita ke ba da haƙƙin zama na gargajiya don noma ko kiwo ko gida, matuƙar bai wuce hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo ba. Wanda ya gaji gonarsa tun kafin 1978 dokar ba ta ƙwace masa ba, ta bar shi a kai. Abin lura shi ne a duk cikin wannan rabo ba a ambaci jauro ko dagaci a matsayin mai ba da fili ba. Darajarsu, wadda babba ce, ta sanin tarihin wuri ce da shaidar iyaka da sulhu. Rikicin yakan taso ne a bakin gari, inda gonar gado ke rikiɗa ta koma fuloti cikin rani guda, ba a bar hanya ba, ba a bar magudana ba, ba wanda ya kai zanen gaban hukumar tsara birane, kowane ofishi kuma yana iya cewa wurin ba a huruminsa yake ba.

Wanda kuma yake ganin wannan duk dokar Nasara ce, to, ya koma ga littattafan da ke cikin zaurukanmu. Fuƙaha'un Malikiyya, a babin raya mataccen fili, sun daɗe da tabbatar da cewa gari yana da harimi, wato inda mutanensa ke kiwo da itace, rijiya tana da nata, kogi da hanya ma haka, kuma ba ya halatta wani ya keɓe wa kansa abin da jama'a ke da buƙata gare shi. Sun kuma shar'anta izinin shugaba kafin a raya filin da ke kusa da gari, saboda tsoron cutar da mazauna. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa risala sukutum a kan wannan mas'ala, mai suna Ta'alimur Radi. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa kuwa ɗalibin farko ma ya san ta. Saboda haka shari'a da dokar zamani sun haɗu a kan hukunci ɗaya game da gaɓar kogi, kuma abin baƙin ciki ne a ce mai wa'azi zai yi shekara yana magana a kan riba da tauye mudu, bai taɓa tsayawa a kan wanda ya toshe hanyar ruwa ya jefa maƙwabcinsa cikin hasara ba. Limamai da fastoci na garin nan, waɗanda jama'a ke saurara fiye da kowane jami'i, suna da aiki a wannan fage.

Sai batun majalisun ƙananan hukumomi, ta Mubi ta Arewa da ta Mubi ta Kudu mai hedkwata a Gella. Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo waɗanda ba zaɓaɓɓu ba, wasu suka fahimci cewa wai yanzu ciyaman ya sami ikon raba filayen gari. Hukuncin a kan kuɗi yake da zaɓe, bai taɓa dokar ƙasa ba ko da wasali ɗaya. Amma kada wannan ya zama mafakar sakaci, domin jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa wa majalisa ayyukanta dalla-dalla, a cikinsu akwai gina magudanun ruwa da tituna da kula da su, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da maƙabartu da filayen da ake bari a buɗe, da sa wa tituna suna da gidaje lamba. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke tsakanin unguwa da ambaliya. Majalisar da ke iya aika ma'aikatanta kowace safiya su yanki rasit a rumfunan kasuwa, ba ta da uzurin cewa ba ta san kwalbatin da ya toshe a gefen kasuwar ba. Kansila kuma, wanda mutanen Lokuwa ko Kolere ko Yelwa suka zaɓa, shi ya fi kowa sanin inda ake yankan fili a bakin rafi, kuma ko da ba shi da ikon hanawa, yana da bakin da zai kai ƙara a rubuce tun tushen ginin bai fito ba. Ina ganin rushe gidan talaka bayan ya gama rufi, alhali jami'ai suna wucewa ta wurin tun ranar da aka sauke yashin farko, zalunci ne da hukuma ke da kaso a cikinsa, ko da doka ta ba ta gaskiya.

Ba za a ce garin bai taɓa samun tsari ba. A tsakiyar shekarun 1970, kamfanin Max Lock, wanda ya zana tsarin Kaduna, ya yi wa Mubi nata tare da wasu garuruwan tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas. Garin ya riga ya tsallake iyakokin wancan zane tun da daɗewa.

Abin da ya rage yana riƙe da unguwanni shi ne aikin gayya. Kafin ruwan farko za ka ga samari da shebur da baro sun shiga lambatu har gwiwa, ƙungiyoyin masallatai da na coci-coci sun haɗa kuɗin buhunan yashi, dattawa na tsaye suna sa albarka, mata na aiko da kunu. Garin da maharbansa da 'yan sintirinsa suka tsaya tare da sojoji aka ƙwato shi a Nuwamba na 2014 ba ya buƙatar a koya masa sadaukarwa. Sai dai gayya tana da iyaka, kuma rashin adalci ne a mayar da ita madadin hukuma. Samari za su iya tono shara daga lambatu, amma idan ba motar da za ta kwashe, tarin da suka jibge a bakin titi ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Ba su da ikon auna faɗin kwalbati, ba su da ikon tsayar da masu tifa da ke ɗibar yashi a gindin gaɓa har ta zube, kuma ba za su iya ce wa attajiri ya ja katangarsa baya ba. Farillar kifaya ce suka ɗauke wa al'umma, mafi ƙarancin sakamakonsu shi ne majalisa ta sa rana tare da su, ta kawo mota da safar hannu da takalman roba, ta kuma ɗauki nauyin jinyar wanda kwalba ta yanka.

Akwai wani aiki guda da gayya da majalisa da fada za su iya haɗuwa a kansa ba tare da jiran kuɗin Abuja ba. Tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da kogi ya bushe, a fita da dattawan kowace unguwa waɗanda suka ga manyan damuna da idonsu, da jauro, da ma'aikacin safiyo, da ɗaliban sashen safiyo da tsara birane na makarantun garin, a bi gaɓar Yedzaram da rafuffukan da ke shiga cikinsa, a kafa turakun siminti a iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, a dasa itatuwa a bayansu. A zana taswirar, a aika wa hukumar tsara birane ta jiha domin ta tabbatar, a ajiye kwafi a fadar Mai Martaba Sarkin Mubi, a liƙa wani a ƙofar kowace sakatariya, yadda mai niyyar sayen fuloti zai je ya duba da idonsa kafin ya ƙirga wa dillali kuɗi. Waɗanda turakun suka riga suka samu a ciki kuwa, a rubuta sunayensu, a fara da su duk ranar da gwamnati ta yanka sabon fili a tudu.