Shaidar zur da wa'azin gaskiya: me addinin Kirista ke koyarwa?

A koyarwar Kirista, mai wa'azi shaida ne. Saboda haka dokar da ta hau kan wanda ke ba da shaida gaban alƙali ita ce ta hau kan wanda ke tsaye gaban jama'a a majami'a: ya faɗi abin da ya tabbatar, kada ya ƙara, kada ya rage.

Haramcin shaidar zur yana cikin Dokoki Goma, a littafin Fitowa sura 20. Ƴan Katolika na lissafa shi a matsayin doka ta 8, ƴan Furotesta da yawa kuma ta 9. Shari'ar Musa ta tanadi cewa ba a hukunta mutum da bakin shaida guda, sai biyu ko uku. Wanda aka kama ya yi ƙazafi kuma, hukuncin da ya nema wa ɗan'uwansa shi za a yanke masa.

Labarin Nabot, a 1 Sarakuna sura 21, ya nuna irin ɓarnar. Sarki Ahab ya so gonar inabin Nabot, shi kuwa ya ƙi rabuwa da gadon iyayensa. Sai sarauniya Yezebel ta sa mutum biyu suka yi masa ƙaryar zagin Allah da sarki, aka jejjefe shi har lahira. A shari'ar Yesu ma, Markus ya ruwaito cewa bakin shaidun bai zo ɗaya ba. Haka aka yi wa Istifanus, wanda Kiristoci ke ɗauka shahidi na farko.

Ta fuskar wa'azi, annabi Irmiya ya ƙalubalanci Hananiya, wanda ya yi wa jama'a albishir ɗin kuɓuta daga mulkin Babila cikin shekara 2, alhali Allah bai aiko shi ba. Manzo Bulus kuma ya nisanta kansa da masu mayar da maganar Allah haja, har yakan ɗinka tantuna don ya ci guminsa.

Ma'aunin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 7 shi ne a duba halin mai wa'azi kamar yadda ake gane itace ta ƴaƴansa. Daɗin baki da taron jama'a ba hujja ba ne.

Ma'aunin ya shafi mai sauraro shi ma. A yau da muryar WhatsApp ke tashi daga Maraɗi ta isa Yamai cikin ƙiftawar ido, duk wanda ya tura zargin da bai tantance ba ya shiga sahun masu ba da shaida.