Na'urar Da Ke Auna Nauyin Furotin Da Abin Da Ta Bayyana Game Da Cutar Sikila

A garuruwan kudancin Jihar Sakkwato irin su Tambuwal da Kebbe, gwajin jini kafin aure yana ƙara shiga cikin shirye-shiryen biki. Dalili kuwa sananne ne: Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar sikila, wato amosanin jini, inda ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara. Kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da irinta ba tare da ya yi ciwo ba.

Tushen cutar yana cikin himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. An gina shi da sarƙoƙi 4, biyu ana kiran su alfa, biyu kuma beta. Kowace sarƙar beta tana da ƙullin sinadarin amino asid 146 a jere, tamkar duwatsun carbi. A shekarar 1956 zuwa 1957, masani Vernon Ingram ya gano a Kambirij ta Ingila cewa ƙulli ɗaya tak ya sauya a jinin mai sikila. A gurbi na 6, sinadarin balin ya maye gurbin gulutamik asid. Wannan ne ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi.

Na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, wadda masana ke kira mas-sifektiromita, tana iya nuna wannan sauyi kai tsaye. Aikinta mataki uku ne. Da farko tana ɗora wa ƙwayoyin cajin lantarki. Daga nan sai ta tura su cikin filin lantarki ko na maganaɗisu, inda suke rarrabuwa gwargwadon nauyinsu da cajinsu. A ƙarshe kwamfuta ta fitar da zane mai nuna nauyin kowace. Francis Aston ya ƙera irinta a 1919, amma manyan ƙwayoyi kamar furotin sukan farfashe wajen awo. John Fenn na Amurka da Koichi Tanaka na Japan ne suka samo hanyoyin auna su ba tare da lalata su ba, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2002.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne dalton. Lafiyayyar sarƙar beta tana da nauyin dalton kusan 15,867, ta sikila kuwa 15,837. Ratar dalton 30 ke nan. Nau'in himogulobin C, wanda ake samu a Afirka ta Yamma, bambancinsa bai kai dalton 1 ba. Saboda haka sai a daddatsa sarƙar da sinadarin tirifsin, a auna gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, a gano gurbin da sauyin ya faru.

Gwajin da aka saba yi a dakunan binciken Najeriya shi ne na tafiyar da jini a kan takarda da lantarki. Yana da sauƙin kuɗi, amma yakan kasa bambance nau'in S da nau'in D, kuma yana da wahalar karantawa a jinin jariri sabon haihuwa. Mas-sifektiromita ta fi shi tantancewa, sai dai tana da tsada, tana buƙatar wutar lantarki marar yankewa da ƙwararrun ma'aikata.

Ga iyalan Tambuwal da Kebbe, abin lura shi ne lissafin gado. Idan ma'aurata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da SS. Auren AS da AC ma na iya haifar da SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Don haka likitoci ke ba da shawarar maimaita gwaji a wurin da aka amince da shi, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tun kafin a sa rana.